Bango Ma Yana Da Jam'iyya

Filin tambayoyin masu karatu a kan zane, buga takardu da tsara wuri

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan fitowa. Biyu daga ciki gida ɗaya suka fito, kwana biyu tsakani, kuma da alama kowanne bai san ɗan'uwansa ya rubuto ba. To, yau za su sani.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗaliba ce a nan Bauchi, ina zaune a Yelwa. Mu bakwai muka haɗu, masu zane da masu ɗaukar hoto, muna so mu yi baje kolin ayyukanmu a kan yadda siyasa ta raba kan mutane, har wa da ƙani ba sa zama majalisa ɗaya. Wata makaranta ta ba mu aron ɗakin taronta na kwana 10 idan an yi hutu. Tsawonsa mita 12, faɗinsa mita 8, ƙofa biyu, tagogi a gefe ɗaya. Ayyukanmu 31 ne. Ni aka ɗora wa tsara ɗakin da fastar gayyata. Shawarar da muka tsayar ita ce mu ja farin layi a tsakiya, bango ɗaya ja, ɗaya shuɗi, kowane ɓangare da hotunansa, don mai shigowa ya ga rabuwar da idonsa. Kuɗinmu kaɗan ne. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sa albarka a wannan niyya. Tun da kin ce me na gani, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Kada ku ja layin nan, kuma in kun riga kun sayi jan fenti da shuɗin, ku roƙi mai shago ya musanya muku.

Da buroshi da gwangwanin fenti na fara wannan sana'a, ina rubuta allunan shaguna a wajajen Wunti, kafin kwamfuta ta zo ta sauko da mu daga kan tsani. Lokacin zaɓe shi ne kakarmu. Na yi wa masu lema aiki da safe, na yi wa masu tsintsiya da yamma, a kan tebur ɗaya. Abin da na lura da shi a shekarun nan, ɗan siyasa da yaransa ba da karatun abin da ka rubuta suke farawa ba. Inda ka ajiye su suke fara dubawa: wa ke sama, wa ke ƙasa, hoton wa ya fi girma. Na taɓa sake buga fasta dubu biyu daga aljihuna saboda hular mataimaki ta ɗara ta maigidansa da abin da bai kai faɗin yatsa ba.

Ki ari wannan ido ki shiga ɗakin naku da shi. Mu nan da dama muke ci, da dama muke musabaha, in an kawo ruwa majalisa ta dama ake fara miƙawa. Duk ɓangaren da kuka liƙa a bangon hagu, kafin ya kalli hoto ko ɗaya ya riga ya ce da hagu aka ba shi. Ga kuma tagogin da kika ce suna gefe guda. Bangon da ke fuskantar su zai sha haske, hotunansa su fito tas. Wanda tagogin ke jikinsa kuwa, mai kallo sai ƙifta ido, domin hasken yana bayan hoton yana dukan fuskarsa. Kin ga rana ma ta yanki katin jam'iyya ba da saninku ba.

A ce ma kun yi dabara kun daidaita duk wannan. Me mutum zai yi idan ya shigo? Zai nufi bangonsu, ya ɗauki hoton kansa a gabansa, ya ɗora a Facebook da "gaskiya ta yi halinta", ya harari ɗaya bangon daga nesa, ya kama gabansa. Ina saurayi aka yi zaɓen ƙato bayan ƙato a farkon shekarun 1990, zamanin SDP mai doki da NRC mai mikiya, jam'iyyu biyun da gwamnatin Babangida ta ƙirƙira a 1989 har ta gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi. Layi ake yi a fili, kowa ya tsaya bayan hoton gwaninsa a ƙirga kawuna. Har yau ina ganin wani mai wanki da guga na unguwarmu a tsaye cikin layi, kai a sunkuye, yana murza bakin rigarsa, saboda mai gidan da yake haya yana ɗaya layin ya zuba masa ido. Ɗakin da kuka zana, wannan filin ne kuka yi wa rufi.

Wai ma wa ya ce muku rabuwar tamu gida biyu ce? PRP guda ɗaya ta dare ta zama santsi da taɓo a jamhuriya ta biyu. Yau ma a cikin jam'iyya ɗaya akwai 'yan gidan wane da 'yan gidan wane, akwai ɗan gari da baƙo, akwai maganar shiyya, akwai wadda ake rage murya in za a faɗa, ta masallaci da coci, da ta masallaci da masallaci. Bango biyu ba zai ɗauki wannan kaya ba.

Kafin ki sake taɓa takarda, ki hau keke ki je kabarin Tafawa Balewa, can wajen Ƙofar Ran. Na san an kai ku kuna firamare, amma wannan karon ki je da idon mai tsara wuri, wayarki tana cikin jaka. An fara ginin a 1977, aka buɗe shi a 1979, kuma a wurina babu ajin da ya fi shi a garin nan ga mai irin aikinki. Kina shiga duhu ne zai tare ki. Hanya ta yi ta hawa da ke, haske yana tsargowa kaɗan-kaɗan, sai can ki ɓulla fili marar rufi, rana a tsakiyar kanki, bangaye masu launi iri-iri kewaye da ke, ga kabarin nan ba wani ado. Masu zagayawa da baƙi za su ce miki duhun nan wahalar mulkin mallaka ce, hasken kuma 'yancin kai na 1960. Ko ba su buɗe baki ba, ƙafarki da idonki sun riga sun ji labarin. Kowa ta duhun nan yake shiga, ta hasken nan yake ɓulla, ɗan kowace jam'iyya ne shi.

Malami na biyu yana gidan kakarki. Maginan da ba sa saita ƙofar zaure da ƙofar shiga cikin gida, sai sun karkatar da ita, don kada na waje ya hango tsakar gida. Sai mutum ya yi kwana, ya sake yin kwana, kafin ya ga abin da ke ciki.

Haka za ku yi wa ɗakin nan. Ƙofa ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita, kuma dukkansu a buɗe muddin da mutum a ciki. Ku kafa shinge uku a kwance da faɗin ɗakin. Na farko ya taso daga bangon nan ya tsaya kafin ya kai wancan, na biyu ya taso daga wancan, na uku ya koma irin na farko, yadda mai kallo zai yi tafiyar maciji. Mita 12 za ta ba ku ɗaki huɗu masu kamar mita 3 kowanne. Falankin filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8 ya fi dacewa, amma kuɗinsa ba na ɗalibai ba ne. Ku yi hayarsa wurin kafinta, ko ku sayi sabuwar zana ku ɗaure a jikin katako. Ni ma zanar na fi so, domin ita ce ke raba gida da gida a ƙauye, amma murya tana ratsa ta, har a miƙa gishiri ta samanta. Sai dai ku nisanta ta da wayar wuta da ƙwan lantarki mai zafi. Mashigar da za ku bari a ƙarshen kowane shinge kada ta gaza mita ɗaya da rabi, don mace da namiji su wuce ba gogayya, mai keken guragu ma ya samu wurin juyawa.

Daga nan ku baza ayyukan nan 31 a ƙasa ku sake kasa su. Ku manta da wa aka zana, ku duba me ake yi a cikin hoton. Za ku ga wasu na alkawari ne da kirari, wasu na baki ne, irin na sojojin baka a rediyo da na waya, wasu kuma na abin da ya biyo baya ne a gida da titi. Idan aka kasa su haka, yaron mai lema da yaron mai tsintsiya za su tsinci kansu kafaɗa da kafaɗa a bango ɗaya, kowanne riƙe da irin gorar da ɗan'uwansa ya riƙe.

Ɗakin farko ina da kyautar da zan ba ku, kuma ba ta cin ko sisi. Ki nemi katangar da aka daɗe ana liƙa wa fastoci, gefen kasuwa ko kusa da shataletale, ki nemi izinin mai ita, zai ma gode miki, ki sa wuƙar kankare fenti ki ɓamɓaro ɓawon gaba ɗaya. Na taɓa ɓamɓaro wani da ya kai kaurin kwali. Na jiƙa shi a baho na kwana guda, na riƙa ɗaye shi a hankali. Sitaci ya sandare a tsakani kamar ƙanzo, kore ya koɗe ya koma ruwan toka, ja ya koma ruwan hoda. A shimfiɗa ta huɗu sai ga fuskar mutumin da ke shimfiɗar farko, hula ɗaya, murmushi ɗaya, alamar da ke kusurwa ce kawai ta sauya. Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Irin wannan ɓawo, in kika rataye shi a inda mai shigowa zai fara cin karo da shi, ya fi duk wani jawabin buɗe taro. Ki dai zaɓi wanda fuskokin suka yayyage har ba a gane masu su, kada wani ya ce ubangidansa kuka rataye.

A bangon da ke kallonsa ki rubuta kalmomi huɗu, baƙi a kan fari, girma ɗaya, salon haruffa ɗaya: AMINCI, NASARA, SALAMA, SAWABA. Kirarin tsofaffin jam'iyyu ne: Salama na NPC mai fartanya, Sawaba na NEPU mai tauraro, Aminci na NPN mai gida da masara, Nasara na PRP mai mabuɗi. An yi ɗauri a kan kalmomin nan, an yi ƙaura, aure ya mutu, amma ki dube su a jere ki nuna mini wadda uwa ba za ta roƙa wa ɗanta ba. Ki jera su bisa tsarin abacada, ki kuma rubuta a ƙasa da ƙananan haruffa cewa bisa abacada aka jera. Tsofaffin alamomi sun fi na yau sauƙin taɓawa saboda toka ta rufe garwashin. Ban ce ya mutu ba, za ki ga dattijon da zai tsaya gaban tauraron nan ya gyara hula.

Maganar launi gajeriya ce, domin 'yan siyasa sun rabe su kaf. Ja, ga jar hula, ga shi a tutar PDP da ta APC. Shuɗi yana tutar APC. Kore kuwa kowa ya ce nasa ne. Ko karin maganar nan ta tsintsiya maɗaurinki ɗaya yanzu sai mutum ya waiga kafin ya faɗe ta. Abin da suka bar mana shi ne launin gininmu na gargajiya: farar ƙasa a bango, ruwan makuba a kanun rubutu da kibiyoyin nuna hanya, baƙin gawayi a sauran rubutu, sai ruwan zanar kanta. Hotunan su zo da duk launin da suke so, bango dai ya yi shiru.

Wajen rataya, ki ja zare a jikin bango a tsayin santimita 150 daga ƙasa, tsakiyar kowane hoto ta hau kan zaren, babba ne ko ƙarami. Kada ki yarda da salatif, zafin Bauchi zai sauke miki su kafin la'asar. Ƙusa da 'yar igiya. Bayanin kowane aiki kada ya wuce kalma 40, kuma kullum a ƙasan hoton. Tagogin nan ki sakaya su da farin yadi marar kauri, zai tausasa hasken ya kuma rage ƙurar hunturu.

Fastar gayyata kuwa, a tsakiyar fastocin 'yan takara za a liƙa ta, su kuma duk ihu suke yi, don haka taki ta fita daban da yawan fili. Ban da fuska. Ban da hannu biyu suna musabaha, ban da kurciya, ban da taswirar Najeriya a tsage, an gaji da su. Da ni ne, tabarma zan ɗauka daga sama, kofin shayi biyu a kanta, ɗaya a wannan baki ɗaya a wancan, tazarar da ke tsakaninsu ta cinye rabin takardar. Sai take, wuri, rana, lokaci, da "shiga kyauta". Ki buga ƙwaya ɗaya tukuna, don launin da kika gani a kwamfuta ba shi injin zai ba ki ba. Ki kai wa mai shayin bakin layinku, ki nuna masa na ɗan lokacin da zai juye shayi daga kofi zuwa kofi, ki ɓoye, ki ce ta wace jam'iyya ce. Idan ya ambaci suna, ki koma ki sake. Kuma ku duba kalanda, kada ku buɗe a tsakiyar kamfe.

Ɗaki na huɗu kada ku cika shi da hotuna. Tabarmi, benci biyu don tsofaffi, fulas ɗin shayi in da hali. A bango, 'yan layuka kaɗan su tuna wa mutane cewa a garin nan, a shekarun 1940, Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Balewa sun zauna zauren muhawara ɗaya, kafin hanya ta rabu, Balewa ya zama jigon NPC, Malam Aminu ya ja ragamar NEPU. Kada ku ajiye littafin baƙi. Na sha gani, na biyu ba ra'ayinsa yake rubutawa ba, martani yake mayar wa na farko, kafin shafi na uku an fara ambaton iyaye. Ku yanka 'yan katuna da tambaya ɗaya a kai: "Wa ka daina zama da shi saboda siyasa, kuma me ka fi kewa a zamanku? Kada ka rubuta suna." A jefa a akwati, da yamma ɗayanku ya tace, a maƙale waɗanda suka dace a igiya da abin shanya.

TAMBAYA: Kawu, barka da aiki. Ni ne mai zanen barkwanci a cikin wasu matasa bakwai da ke shirin baje koli a Bauchi. 'Yar'uwarmu mai tsara ɗakin tana so komai ya zo daidai wa daida. Zanena uku duk masu mulki suke suka, an ce ko in kawo uku na 'yan adawa ko a cire biyu. Ni a ganina wannan tsoro ne aka sa wa rigar adalci. Ai akwai mai gaskiya akwai marar ita.

AMSA: Ɗana, ka ga wasiƙar 'yar'uwarka a sama, ita ma ga taka. Ku bakwai kun fara baje kolin tun kafin a ba ku mabuɗin ɗaki.

A maganar ƙirga ina bayanka. Adalci ba kason tumatir ba ne da za a ce uku nan uku can, kuma zanen da aka yi don cike gurbi daga nesa ake gane shi, ba shi da gishiri. Kada a cire maka ko ɗaya saboda lissafi. Amma ka bambanta hoto da bango. Hotonka da sunanka a ƙasa, kai za a tambaya. Bango, da haske, da ƙofa, da launin fenti ba su da suna a ƙasa, da bakin ku bakwai suke magana har da makarantar da ta ba ku aro. A filin dambe kowa da ɓangarensa, Kudu da Arewa, amma in aka tarar an tona rami a gefen da ɗaya zai tsaya, wasa ya tashi. Haƙƙinka a kan mai tsara ɗaki shi ne zanenka ya hau zare ɗaya da na kowa, ya sha haske ɗaya, kada a cusa shi lungu. Haƙƙinta a kanka, kada ka nemi a jera ukun a bakin ƙofa su zama su ne sallamar ɗakin.

Akwai kuma inda babu ɓangare biyu, kuma nan ne ɗaki na uku. Mutanen jihar nan ba su manta da watan Afrilun 2011 ba, lokacin da rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka, ciki har da matasa masu yi wa ƙasa hidima. Ba su manta da sara-suka ba, kamar yadda Gombawa ba su manta da Kalare ba. A wannan ɗaki ba a neman daidaito da kowa. A rage haske, a rage yawan aiki, uku ko huɗu sun isa, a bar fili tsakaninsu, a ajiye benci. Ban da hoton gawa ko jini, ban da sunan mamaci sai da yardar iyalansa. Takalmi ƙafa ɗaya a kan farin yadi ya isa ya sa mutum ya yi shiru.

Saura tambaya ɗaya da kai kaɗai za ka amsa. Ka rufe rubutun da ke ƙasan zanenka da tafin hannu, ka duba abin da ya rage. Idan aikin mutumin ne ya rage, asibiti ba magani, aji ba rufi, to rataya abinka. Idan kuwa abin dariyar gemunsa ne, ko tsagar fuskarsa, ko shigar addininsa, ka shiga sahun sojojin baka, alƙalami ne kawai bambancinku. Ba daga kan mumbari nake gaya maka ba. Ni ma akwai shekarar da aka kawo mini wata takardar cin mutunci marar sa hannu, kuɗin da kauri, na buga da daddare. Bayan mako guda na sayi ƙosai aka naɗe mini a cikinta, mai ya jiƙa ta, 'yata ta fari tana ƙoƙarin haɗa baƙaƙen tana tambayata ma'anar wata kalma. Ban ci ƙosan nan ba.

Kafin ranar buɗewa, ku kira shugaban makarantar ya ga kowane aiki da idonsa. Shi zai ci gaba da zama a unguwar bayan kun kwashe kayanku.

TAMBAYA: Malam, ina aiki a wani shagon kwamfuta a Jekadafari, Gombe. Kullum in na tsara bana, wato ƙyallen sanarwa, da Hausa, sai haruffa masu lanƙwasa su ɓace ko su koma akwati a wurin bugawa. Sannan an ba ni aikin allon bayani na wani taron zaman lafiya, ana so da Hausa da Ingilishi da ajami. Wanne zan sa a sama?

AMSA: Malam, ka taɓo mini tsohon miki. Na taɓa tsara bana mai mita 6, take kalma biyu rak: Ƙasa Ɗaya. Na aika maɗaba'a, aka kawo a naɗe da safiyar taro, muka hau tsani muka warware, sai ga akwati biyu a gurbin manyan haruffan. Jama'a na karanta "asa aya". Wani tsoho ya ce to ayar ta ci ce ko ta karatu? Da fenti da buroshi na cike gurbin, mutane na kallo.

Dalilin shi ne yawancin salon haruffan da ke kwamfuta ba a zana musu ɓ da ɗ da ƙ ba. Kwamfutarka takan aro su daga wani salon ta rufa maka asiri, ta mai bugawa kuma ba ta da inda za ta aro. Ka sauko da salon da ke da su tun asali, irin su Noto Sans da Andika da Charis, duk kyauta ne. In ka gama aiki a manhajar zane ta CorelDRAW, ka ajiye kwafi ɗaya don gyara, a ɗaya kwafin ka zaɓi rubutun duka ka danna Ctrl da Q, haruffan su koma zane, sannan ka fitar da PDF. Daga nan ba injin da zai taɓa su. Kada kuma gajiya ta sa ka zubar da lanƙwasar ka ce ai za a gane. Ƙasa daban, kasa daban, kuma a taron haɗin kai kasa ita ce kalmar da ba ka so, ko ta macijiya ce, ko ta gazawa, ko ta rabawa kashi-kashi. Girman haruffa kuwa, ka ba kowace mita 3 ta nisan mai karatu kamar santimita 2 da rabi na tsayin harafi. Taken da za a karanta daga mita 10 kada ya gaza santimita 8.

Wanne za ka sa a sama? Ko ɗaya. Ka tuna surutun da aka sha a 2007 da aka cire ajami daga takardun naira 5 zuwa 50, za ka san wurin zaman rubutu ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar nan. Amma a nan Allah ya sauƙaƙa maka. Ajami daga dama yake tasowa, boko daga hagu. Ka yi allon a kwance, ka raba shi gida uku a tsaye, ajami a dama, Ingilishi a hagu, Hausar boko a tsakiya, kan layinsu ɗaya. Kowane mai karatu zai tarar da nasa a inda idonsa ya saba farawa. Ajamin kada ka buga shi da haruffan Larabci na kwamfuta, wanda ya yi karatun allo ba irinsu idonsa ya saba da su ba. Ka kai wa alaramma mai kyan hannu ya rubuta da tawada a farar takarda, ka ɗauka da sikana, ka biya shi hakkin aikinsa.

Tun da Gombe ce, allon maraba na bakin ƙofa ya samu Fulatanci da Tangale da Tera da Waja, girma ɗaya, kuma kowanne mai harshen ne zai rubuta maka ya sake dubawa bayan ka tsara. Ranar karɓar aiki ka tafi da wanda bai taɓa ganin rubutun ba ya karanta da ƙarfi, kuma kada ka biya cikon kuɗi sai an warware banar a ƙasa, tun daga wannan baki har wancan, a gabanka.